An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani a Kan Ƙarar da Ke Shiga Kunnen Matuƙin Ƙaramin Jirgi

Ya Edita, na karanta maƙalar da wani malami daga cikin ma'abota sha'anin jiragen sama ya rubuta a wannan mujalla game da ƙarar nan mai ban haushi da kan cika kunnen matuƙin ƙaramin jirgi idan ya shiga da wayar hannu ko kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma da yake na daɗe ina hidimar rediyoyin irin waɗannan jirage, na ga ya wajaba in ce wani abu, kada shirun da na yi ya zama tamkar sa hannu a kan fatawar da ban gamsu da ita ba. Mujmalin abin da malam ya tafi a kai rukuni uku ne. Na farko, wai duk wannan ƙara asalinta ɗaya ne, watau saƙon da wayar hannu ke aikawa ta iska tana neman turakun sadarwa. Na biyu, wai maganinta shi ne a sa wayar a filait, kamar yadda samari ke faɗa, watau a katse ta daga layin sadarwa, sa'an nan a sayi abin kunne mai tsada irin wanda ke kashe ƙara. Na uku kuwa, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali, wai idan an yi waɗannan biyu amma ƙarar ba ta tafi ba, to, sai a yi haƙuri, domin ɗabi'ar ƙananan jirage ke nan.

Insafi ya sa in fara da inda malam ya dace. Lalle wayar hannu tana da ƙararta, kuma duk wanda ya taɓa ajiye waya kusa da lasifikar masallaci ko rediyon mota ya ji wannan dirin mai tsalle-tsalle da kan riga kira shigowa, ya san ta. Sababinta shi ne wayar da ke kan tsarin GSM ba ta aika saƙonta a miƙe, tana aika shi gutsure-gutsure, sau 217 a cikin daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin da kan kai wat 2, kuma kowane gutsure idan ya bugi wayoyin na'urar ƙara sauti sai ya fito a matsayin bugu guda. A sama kuwa abin ya fi muni, domin turakun sadarwa ƙasa aka karkata su, wayar tana ta lalube, tana ɗaga murya iyakar ƙarfinta kamar makahon da ya ɓace wa ɗan jagoransa a kasuwa. Sa ta a filait yana kashe wannan nan take. Har nan ni da malam bakinmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne ƙiyasin da ya yi, da ya ɗauki illar mas'ala guda ya shimfiɗa ta a kan mas'aloli huɗu ko biyar waɗanda ba abin da ya haɗa su sai cewa duk a kunne ake jin su, alhali kuwa ko ɗalibin da bai wuce littattafan farko ba ya san ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta zama ɗaya. Ƙarar cikin jirgi harsuna gare ta, kowace tana faɗin sunan gidan da ta fito ga wanda ya iya saurare. Akwai siririn fito mai kama da kukan sauro, wanda ke hawa idan an ba da totur, ya sauka idan an rage. Wannan na altaneta ne. Akwai ƙas-ƙas-ƙas mai sauri da ke bin juyin inji; wannan na maganeto ne da fulogai. Akwai wani ɗan wit ko fat da ke dawowa a kan ƙa'ida kamar bugun zuciya, ko inji na gudu ko yana tsaye, wanda fitilun walƙiya na bakin fukafukai ke yi. Akwai kuma shuuu irin ta ruwan sama a kan kwano, wadda ke ɓarkewa a rediyo ba tare da kowa ya yi magana ba, kuma galibi wannan ta caja ce. Ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ba ruwanta da ko waya tana neman turaku ko ba ta nema, har ma uku daga cikinsu sun girmi wayar hannu da shekaru masu yawa.

Mai karatu zai tambaya, idan altaneta ce ke fito, don me ba a jin ta sai an shigo da kwamfuta? Nan ne fa zuciyar bahasin take, kuma nan ne malam ya tsallake bai ko waiwaya ba. Jirgi irin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, ko Piper Cherokee, jikinsa alminiyam ne, kuma maƙeransa sun yi abin da maƙeran mota suka yi: waya ɗaya ce ke kai wuta ga fitila ko famfo, komawar wutar zuwa batir kuwa ta jikin jirgin take bi, abin da masu wayarin mota ke kira bodi. To, ƙarfe komai kyansa yana ɗan tauye wutar da ke ratsa shi, balle ƙarfen da aka harhaɗa da ƙusoshi shekara arba'in ko hamsin da suka wuce, tsatsa ta ɗan kama mahaɗansa. Saboda haka idan wuta mai yawa tana gudu a cikinsa, sai a sami ɗan bambanci tsakanin bodin wannan kusurwa da bodin waccan, bambancin da bai wuce 'yan ɓurɓushin bolt ba, wanda fitila ba za ta taɓa sanin da shi ba, amma na'urar sauti, wadda aikinta ke nan ta ɗauki ɗan mitsitsin motsi ta mai da shi murya, tana jin sa sarai. Wutar altaneta kuwa ba ta fita sumul, tana fita da 'yan tudu-tudu, domin dayod shida ne ke daidaita ta, kuma yawan tudun yana bin saurin juyin inji.

Muddin dai na'urorin sauti a wuri guda tak suka taɓa bodi, kamar yadda ƙa'idar aikin ta shar'anta, wannan bambanci ba shi da ƙofar shiga. Amma ranar da matuƙi ya soka cajar kwamfutarsa a ramin kunna sigari, sa'an nan ya ɗauko siririyar wayar sauti mai bakin milimita 3.5 ya haɗa kwamfutar da intakom, na'urar da ke kai sauti cikin abin kunnensa, domin ya riƙa jin gargaɗin manhajar taswira ko ya ɗan saurari karatu a doguwar tafiya, ya ƙulla zobe da hannunsa bai sani ba: daga bodin ramin sigari zuwa caja, daga caja zuwa kwamfuta, daga kwamfuta ta wayar sauti zuwa bodin intakom, daga nan ta jikin jirgi a koma mafari. Misalinsa kamar mutumin da ya fasa katangar gidansa ta gabas ya haɗa kwatarsa da lambatun unguwa, sa'an nan ya sake fasa ta yamma ya haɗa da lambatun nan dai. Ranar da aka yi ruwa, ƙazantar maƙwabta za ta ratsa tsakar gidansa ta wuce, shi kuwa yana ta zargin samaniya. Wutar da ke komawa batir ta sami sabuwar hanya ta cikin wayar sauti, intakom kuma ba shi da hankalin da zai rarrabe ta da muryar mutum, sai ya ƙara mata ƙarfi ya zuba wa matuƙi a kunne. A nan ko an cire layin wayar an jefa a rijiya, fiton yana nan daram.

Na taɓa ganin wannan da idona a wurin wani saurayi mai koyon tuƙi, wanda ya zo mini rai a ɓace da sabon abin kunne da ya kashe kuɗin da ya kusa isar sadaki a kansa, yana cewa an cuce shi, domin fiton da ya saye shi dominsa ya ma fi fitowa fili. Muka shiga jirgin, aka ta da inji, na bar shi ya ji fiton har ya gyaɗa kai, sa'an nan na miƙa hannu na zare cajarsa daga ramin sigari. Shiru. Na mayar, fito ya dawo. Sau uku muka yi haka kafin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ba wanda ya cuce shi, abin kunnensa lafiya lau yake, ya dai sayi maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba, bisa irin shawarar da malam ya sake bayarwa yanzu.

Domin kuwa abin kunne mai kashe ƙara, wanda kamfanin Bose ya fitar wa matuƙa a 1989, bayan Dick Rutan da Jeana Yeager sun gwada samfurinsa a cikin jirgin Voyager da suka zagaya duniya da shi kwana tara ba sauka a Disambar 1986, aikinsa guda ne sananne: akwai ɗan makirfo a cikin kowane kunne da ke sauraren rugugin inji da farfela da ke shigowa ta iska, sai na'urar ta haifi kishiyar wannan rugugi, su haɗu su kashe juna. Ni'ima ce babba ga kunnen wanda ke wuni a bayan injin Lycoming, ba na musun haka, ni ma da shi nake shiga. Amma abin da ya zo ta waya daga intakom, a wurinsa saƙo ne da aka ba shi amanar isarwa, ko muryar hasumiya ce ko fiton altaneta, ba ya tambaya. Kuma da yake ya kawar da rugugin da a da ke lulluɓe fiton, sai fiton ya tsaya shi kaɗai a fili tsirara. Abin da ya sami saurayin nan ke nan.

Sai mas'alar caja ita kanta, wadda ta fi ta zoben hatsari nesa ba kusa ba, ko da yake ta fi ta ladabi a kunne. Kwamfutar hannu bolt 5 take so, jirgi kuwa 14 yake bayarwa, ko 28 a irin su Cessna 172 da aka ƙera daga 1978 zuwa yau. Hanyar da ɗan ƙaramin abin nan ke bi ya rage wutar ita ce ya riƙa datse ta yana saki sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma duk wutar da ake datsewa da irin wannan sauri tana watsa tartsatsin rediyo da kan haura har zangon da jirage ke magana a kai, watau megahaz 118 zuwa 137, igiyar cajar kuma ta zame masa eriya. Rediyon jirgi a kan tsarin AM yake, wanda bai iya kau da kai daga irin wannan hayaniya kamar yadda FM ke yi. Masu ƙera caja ta kirki sukan sa mata matatai da sulke, har waɗanda ake girkawa a jikin jirgi akan gwada su bisa ƙa'idar da ake kira DO-160. Ta bakin titi kuwa an zare duk wannan domin a sauko da kuɗi, araha kuma ba ta ado. Ga wanda yake ganin na'urar da ba a yi ta don aika saƙo ba ba za ta yi ɓarna ba, tarihi ya ishe shi hujja. Dokar farko da hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa a kan kayan lantarkin da fasinja ke shiga da su, a 1961, a kan ƙaramin rediyon FM na sauraro aka yi ta, domin irin wannan rediyo idan ya kamo tasha a kan 102.5, a cikinsa yana haifar da wani zango da ya ɗara wannan da 10.7, watau 113.2, wanda ya faɗa tsakiyar zangon 108 zuwa 118 da na'urorin nuna hanya ke aiki da shi. Wanda aka fara kamawa da laifi, ashe, mai sauraro ne kawai, shekaru da dama kafin a san wata aba wai ita wayar hannu.

Wannan ne ya sa rukuni na uku na maganar malam, na a yi haƙuri, ban iya haɗiye shi ba. A cikin rediyon jirgi akwai wani ɗan sarkin ƙofa da matuƙa ke kira sikwelci, wanda ke rufe bakin rediyon har sai saƙo mai ƙarfi ya zo. Idan caja ta cika wurin da hayaniya, ɗayan biyu ne: ko dai ƙofar ta riƙa buɗewa a banza har matuƙi ya gaji ya rage murya ko ya ƙara tsananta wa sarkin ƙofar, ko kuma rediyon ya daidaita kansa da hayaniyar ya yi tsit, matuƙi yana murna an sami lafiya alhali kunnen jirginsa ne ya yi nauyi. Ko ta wace hanya, hasumiyar da a da ake ji tun daga nesa yanzu sai an matso, ƙaramin jirgin da ke sanar da shigowarsa fili daga can gefe kuma ba a ji shi ba sam. Ƙarar da ake ji tana da sauƙi, domin tana kai ƙarar kanta. Kurumtar da ba a ji ita ce abar tsoro. Wanda kuma yake ganin kalma ɗaya da ta ɓace a rediyo ba kome ba ce, ya tuna da hatsarin filin jirgin Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, inda hasumiya da jirgin Pan Am suka yi magana a lokaci guda, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara a kunnen matuƙan KLM, gargaɗin da zai tsayar da su bai isa gare su sosai ba, mutum 583 suka halaka. Ba caja ce ta yi wannan ba, akwai hazo, akwai gaggawa, akwai wasu sabubba. Na kawo shi ne domin a san nauyin 'yan daƙiƙu na magana idan ƙara ta hau kansu.

Malam ya kuma jingina da doka, yana nuna cewa tun da an hana kira da waya a sama, wannan shaida ce cewa ita ce mai laifi. A nan ma an sami cakuɗewar nassi biyu. Hanin da hukumar sadarwa ta Amurka ta yi a 1991 domin kare turakun ƙasa aka yi shi, kada waya ɗaya daga sama ta riƙa damun turaku da yawa a lokaci guda. Nassin da ya shafi jirgi shi ne sashe na 91.21 na dokokin tuƙin jirage na can, kuma abin da ya yi, bayan ya togace na'urar taimakon ji da ta bugun zuciya da rikoda da injin aski, shi ne ya ɗora wa mai jirgi ko matuƙinsa nauyin tabbatar da cewa na'urar da zai kunna ba za ta dami rediyo da na'urorin nuna hanya ba. Watau dokar da kanta ijtihadi ta nema daga matuƙin ƙaramin jirgin da ke tafiya bisa na'urori, ta ce ya bincika ya tabbatar, kuma ban ga ta inda haƙuri da ƙarar da ba a san asalinta ba zai zama tabbatarwa ba.

Tahakikin kuwa ba ya cin ko kwabo, a ƙasa ake yin sa, birki a ɗaure, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sharaɗinsa guda ne, a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. A fara da inji a kashe, a kunna batir da rediyo: ƙarar da ta bayyana a nan ta wanke altaneta da maganeto. A murɗa muryar rediyo, a murɗa ta intakom, a ga wacce ƙarar ke bi, domin wadda ke bin muryar rediyo ta eriya ta shigo, wadda ba ta kula da ita ba kuwa ta waya ta shigo. A zare caja a bar wayar sauti, sa'an nan a mayar da caja a zare wayar sauti. Idan cire kowace ɗaya daga cikinsu yana kashe ƙarar, zobe ne, idan kuwa sai an cire caja kaɗai take mutuwa, cajar ce ke watsa tartsatsi. Bayan an ta da inji, a kashe ɓarin makunnin da ke riƙe da altaneta na ɗan lokaci a ji ko fiton ya ɗauke, a kuma kasa kunne sa'ad da ake gwajin maganeto na dama da na hagu ko ƙas-ƙas ɗin zai ɓace a ɗayansu. Gwajin da na fi so duka shi ne a kamo wata tasha mai rauni, irin mai karanto yanayin wani fili daga nesa, wadda da ƙyar ake jin ta, sa'an nan a soka caja. Idan muryar ta nutse, wannan caja ta gama zama a jirgi, ko da ba ta taɓa yin ƙara ko sau ɗaya ba.

Magani kuma yana bin abin da aka gano. Zobe yanke shi ake yi: ko a sa ɗan taransifoman raba bodi a kan wayar sauti, wanda ke wuce da murya ta hanyar maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, ko a aika sautin ta Bluetooth, ko a ciyar da kwamfutar daga batirin aljihu maimakon ramin sigari, da sharaɗin kada a bar shi a rana a kan allon gaba, domin batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Zoben ferayit da wasu ke maƙala wa igiya yana rage tartsatsin caja, amma a kan fiton altaneta daidai yake da laya a wuyan jaki. Idan kuwa an cire duk kayan aljihu fiton yana nan, to, magana ta bar hannun matuƙi ta koma ga injiniya mai lasisi, domin mai yiwuwa dayod ɗaya ya mutu a altaneta, ko sulken wayar maganeto ya tsinke, ko 'yar woshar roba da ke raba ramin abin kunne da allon jirgi ta faɗi tun wani gyara da aka manta. A irin wannan hali ƙarar gargaɗi ce da jirgin ke yi tun kafin abu ya lalace a sama, wanda ya bi fatawar haƙuri kuwa ya toshe kunnensa daga gare shi.

Abin da ya ƙara sa ni ɗaukar alƙalami shi ne sanin cewa 'ya'yanmu da ke koyon tuƙi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da waɗanda ke fita waje neman lasisi, kusan kowannensu da kwamfuta a cinya yake shiga jirgi yau, kuma abin da suka karanta da harshensu daga bakin dattijo ya fi zama a zuciyarsu. Saboda haka ina roƙon malam, da girman da yake da shi a idona, ranar da ya sake shiga jirgi ya sa wayarsa a filait kamar yadda ya faɗa, ya sa abin kunnensa mai tsada, ya kamo tashar da ta fi nisa, sa'an nan ya soka cajarsa ya zare sau uku, ya rubuto wa wannan mujalla abin da ya ji.